Yadda Na Daina Ɓoye Abin Da Na Rubuta

A cikin birnin Zariya na tashi, a babban gida mai sassa da yawa, kuma tun ina firamare nake ƙirƙirar labari ina rubutawa a shafukan ƙarshe na littattafan makaranta. Ba ni kaɗai ba ce mai yin haka. Yara da yawa suna yi, musamman mata, sai dai akasarinsu kan bari kafin su gama sakandare, domin babu wanda ya taɓa tsayawa ya duba abin da suke yi. Ni Allah ya haɗa ni da waɗanda suka duba, ɗaya bayan ɗaya, har na tashi daga mai cusa takarda ƙarƙashin katifa na zama mai iya miƙa ta ga baƙo ya karanta a gabana.

Ta farko ita ce Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. Ta yi karatun allo, tana karanta ajami sarai, amma ba ta yi boko ba. Sana'arta ɗinkin hula, a bakin ƙofar ɗakinta take zama da zare da allura har hasken rana ya ƙare. Wata rana da yamma ta gan ni duƙe ina ta rubutu, ta ce, "Ke kuwa me kike ta zanawa haka kamar mai rubutun sha? Karanto mini in ji." Na so in gudu, amma Gwaggo ba a yi mata gardama. Labarin wata yarinya ne da kishiyar uwa ke gallaza wa, irin wanda kowace yarinya ke farawa da shi. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Uban yarinyar yana ina ake duk wannan abu?"

Na ce, "Ya yi tafiya, Gwaggo."

"Tafiyar me? Fatauci ko ci-rani? In ci-rani ne ai damina na faɗuwa zai dawo. To me zai tarar, kuma wa zai faɗa masa gaskiya?"

Ban da amsa, domin uban na kawar da shi ne kawai don ya ba ni wuri. A daren nan na zauna na nema masa gari da sana'a da ranar dawowa. Kashegari tun kafin in ajiye jakar makaranta ta ce, "Yarinyar nan tamu, ta samu ta sa wani abu a cikinta kuwa?" Gwaggo ba ta taɓa ce mini "kin iya" ba, ko sau ɗaya. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki mutanen da na ƙirƙira a matsayin mutane, tana jin haushinsu, tana tausaya musu, tana kama su da ƙarya in sun yi abin da ɗan Adam ba zai yi ba. A wurinta na fara jin cewa abin da na rubuta yana da nauyin da zai sa babba ya ajiye allura ya saurara.

Na biyu malamin Hausa ne da ya koyar da mu a babbar sakandare, dattijo mai sanyin magana wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ya ba mu insha'i a kan ranar kasuwa. Yawancin 'yan aji suka rubuta abin da aka saba: na tashi da asuba, na yi salla, na tafi kasuwa, na ga mutane da yawa. Ni ma da haka na fara, sai a tsakiya na saka wata 'yar fura da na taɓa gani a kasuwar Tudun Wada, wadda ɗan acaɓa ya goge ta ƙwaryarta ta fashe. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ta durƙusa tana tsince sakainar tana haɗawa, alhali nonon ya riga ya bi ƙasa. Da Malam ya zo raba littattafai ya ba kowa nasa, ni ya ce in same shi a ofishin malamai. Duk wadda ta yi makarantar gwamnati ta san yadda gaba ke faɗuwa da jin wannan magana.

Na same shi ya zagaye sakin layi ɗaya da jan biro, na 'yar furar nan.

"Wannan wurin, gani kika yi ko ji?"

"Gani na yi, Malam."

"Shi ya sa. Sauran duk kwaikwayon abin da kika karanta ne a littattafai. Nan kaɗai ne naki. Je ki sake rubutawa, ki fara daga lokacin da ƙwaryar ta faɗi, ki gaya mini me ya sa take tsince sakainar."

Makin da ya ba ni matsakaici ne, akwai waɗanda suka fi ni. Amma na fito daga ofishin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa, domin a karon farko wani ya nuna mini da yatsa inda ƙarfina yake. Yabon da aka yi wa rubutu gaba ɗayansa ba ya gaya wa yaro abin da zai maimaita gobe. Malam ya ware mini wuri guda, ya faɗi dalilin da ya sa ya yi kyau, ya kuma ba ni aikin da zan yi a kai.

Sai da na kawo na biyu sannan ya taɓa ƙa'idojin rubutu. A nan ne jan biro ya yi aiki sosai: haruffa masu ƙugiya da nake bari tsirara, da raba kalmomi irin su "ya ce" da "shi ne" waɗanda nake haɗewa, da inda ake sa waƙafi da inda ake buɗe zance. Shafin ya yi jajir, amma bai dame ni ba, don na riga na san akwai abin da ake gyarawa dominsa. Bayan shekaru, da na fara koyarwa ni ma, na tambaye shi dalilin wannan jeri. Ya ce, "Da na fara miki da kurakurai, da ba ki ƙara kawo mini komai ba." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na ga malamai masu ilimi da kyakkyawar niyya da suka kashe wa yara gwiwa don kawai sun sa gyaran harafi a gaba da sauraron labari.

Malam ne kuma ya kai ajinmu Gidan Gaskiya a Tudun Wada, inda aka daɗe ana buga jarida da littattafan Hausa. A tsaye a harabar ya ba mu tarihin da har yau nake komawa gare shi. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a nan Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka sa gasa. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani matashin malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, wato bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Shi ya aiko da Ruwan Bagaja. Akwai kuma yayansa Bello Kagara da littafinsa Ganɗoki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da nasa littafin Shaihu Umar. Ba a tsaya ga ba Imam kyauta a sallame shi ba. East ya nemo shi zuwa Zariya a 1936 aka zauna aikin Magana Jari Ce, kuma da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi ya zama editanta na Hausa. Gaskiya ne Turawan mulki bukatar kansu suke biya, littattafan karatu suke nema wa makarantunsu. Duk da haka abin da Malam ya so mu gani a fili yake: saurayi ya rubuta abu ɗaya, aka karanta da idon basira, aka ce masa ga na gaba. Na tsaya ina kallon ginin nan ina lissafin cewa tazarar shekaruna da na Imam a wancan lokaci ba ta da yawa, kuma daga gidanmu zuwa nan tafiyar mota ɗaya ce.

Matakin da ya fi wuya a gida yake. Lokacin ana ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayya da ake bugawa a Kano, malamai na wa'azi a kansu, iyaye na ƙwacewa a hannun 'ya'yansu, ana cewa su ke lalata tarbiyyar 'yan mata. Wani ɗan uwanmu ya ga littafina ya kai wa Baba. Baba ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Karatu na tura ki ko rubuta shirme?" Ya riƙe littafin. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin, tsoro ne irin na uba, kuma cikin littattafan da ake magana a kai akwai masu kyau akwai waɗanda ni ma ba zan ba 'yata ba. Sai dai na daina rubutu ɗungurungum, har Malam ya lura ya tambaye ni.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga shi da kekensa a ƙofar gidanmu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni kuwa na laɓe a bayan ƙyaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Alhaji, 'yarka Allah ya ba ta baiwa. Baiwa kuwa in ba a ba ta hanya a fili ba, a ɓoye za ta nema. Ka bar ta ta rubuta, ni zan riƙa dubawa, kai ma duk lokacin da ka so ka karɓa ka duba." Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "To Malam, amana ce na ba ka. Amma in na ga sakamakonta ya yi ƙasa, magana ta ƙare." Bayan 'yan kwanaki na dawo daga islamiyya na tarar da tsohon littafina a kan gadona, tare da wani sabo babba mai bangon kwali, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Baba bai ce komai ba game da shi, ni ma na je na durƙusa na ce na gode, ya ce Allah ya yi albarka. Daga ranar na koma rubutu a tsakar gida, a gaban kowa.

Duk sanda na tuna wannan sai wata ƙawata ta faɗo mini a rai. Ajinmu ɗaya, kuma ta fi ni iya sa mutane magana a takarda. In ta rubuta faɗan kishiyoyi sai kin rantse a gidanku aka yi. Wata malama ta kama littafinta ana zagayawa da shi a aji, ta kai taron safe, ta karanta wasu wurare da muryar izgili dukan makaranta na dariya, sannan ta yayyaga shi. Ƙawar nan tawa ba ta sake rubuta ko layi ɗaya ba. Yanzu tana gidan mijinta da 'ya'yanta, kuma in ana biki har yau ita ake zagayewa a saurari labari. Na sha roƙonta ta rubuta, sai ta yi murmushi ta ce ita ai ba marubuciya ba ce. Abin yana yi mini ciwo, domin na san basirarta na nan, kuma na san safiyar da aka sa ta yarda cewa abin kunya ne.

Bayan sakandare na samu waya, na shiga sahun masu rubuta labari shafi-shafi suna turawa a zaurukan WhatsApp. Wannan zamani ya ba ni abu ɗaya mai amfani, wato sabo da zama kullum a rubuta, domin in kin yi jinkiri masu karatu za su cika ki da "muna jiran ci gaba". Addu'a da yabo kuwa ba a magana: Allah ya ƙara basira, alƙalaminki ya fi takobi. Yana da daɗi, kuma ina gode musu har gobe. Amma na lura da wani abu a kaina da sauran 'yan uwa marubuta: yabon nan mai yawa bai hana mutum ɗaya ya rubuto baƙar magana ta hana ki barci ba. Wasu ma daga zagi ɗaya suke ajiye labari a tsakiya su ɓace. Mai karatu a waya yana gaya miki yana so ko ba ya so, ba ya gaya miki dalili, don haka ba ki da abin riƙewa ranar da aka ce ba a so.

Ina Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Zariya wata 'yar ajinmu ta ja ni zuwa zaman karatu na wata ƙungiyar marubuta. Tsarin zaman mai sauƙi ne. Wanda zai gabatar ya kawo kwafe-kwafen labarinsa a raba, ya tashi ya karanta da bakinsa, sannan shugaban zama ya ba mutane dama ɗaya bayan ɗaya. Marubuci ba ya cewa uffan sai kowa ya gama. Karatu a bayyane kansa makaranta ne, domin duk jimlar da ta yi tsawo numfashinki zai gaya miki, duk zancen da ba na mutane ba ne kunnenki zai ji shi kafin kowa ya faɗa. Ranar da na gabatar, wani malami da ya yi suna da tsanani ya ce jigon bai fito ba, zubi da tsarin ya karkace daga tsakiya, tauraruwar kuma ba ta yi komai da kanta ba, abubuwa ne kawai ke faruwa da ita. Ya ɗauki lokaci yana warware labarin zare-zare. Hannuna na rawa a ƙarƙashin mayafi, amma da aka ba ni dama abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, na gode. A ganinka wane wuri ne ya tsaya da ƙafarsa, don in san inda zan gina a kai?" Ya sake duba takardar, ya nuna shafi na biyu, ya ce wannan kam ba shi da abin cewa a kansa.

Tambayar nan daga ofishin malamai na sakandare na taho da ita. Wanda aka taɓa nuna wa cewa a cikin rubutunsa akwai wuri mai rai, in aka soki aikinsa yakan ji an soki shafi ne, shafi kuwa ana sake shi. A ganina wannan shi ne ainihin ƙarfin gwiwar marubuci: ya iya zama a ji masa ciwo a kan aikinsa, ya koma gida ya buɗe littafin a daren.

A wajen zaman nan na haɗu da wata babbar marubuciya da muke kira Hajiya, wadda ta buga littattafai tun muna yara. Bayan an tashi ta riƙo hannuna ta ce, "'Yata, kin ji duk abin da aka faɗa? Rabi ki ɗauka, rabi ki bar musu. Ki kawo mini shi gida in kin gyara." A wurinta na koyi yanka. Takan sa fensir ta ja layi a kan sakin layi guda ta ce, "Karanta ba tare da shi ba. Me ya ɓace?" In na ce babu, sai ta ce to me yake yi a nan.

Yankan nan ya yi mini rana da na yi niyyar shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta lashe a karon farko da labarinta Sansani. Ƙa'idar a lokacin ita ce labari ya kasance tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, nawa kuwa ya ninka haka. Na fara da cire gabatarwar da ke bayyana asalin kowa da danginsa, wadda mu marubutan waya muka saba da ita. Na haɗe mutum biyu suka zama ɗaya tunda aiki ɗaya suke yi a labarin. Na cire wa'azin da na sa a bakin wata tsohuwa a ƙarshe, domin Hajiya ta ce in labarin bai faɗi abin da kansa ba, tsohuwar ba za ta cece shi ba. Sannan na kai shagon kwamfuta aka buga, na zauna kusa da mai bugawa ina nuna masa kowace ƙugiya, muka ƙirga kalmomi, na tura ta imel.

Labarina bai shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba. Na ji zafi sosai, na yi kwanaki ba na son a tayar da maganar. Da na gaya wa Hajiya ta ce, "Alƙalai sun zaɓi nasu, ke kuma kin samu labarin da ya fi wanda kika fara da shi. Ina na gaba?" Lokacin da aka fara karanta labaran da suka yi fice a rediyo, tare da Gwaggo muka riƙa saurare, ta tsufa sosai idonta ya daina ganin ramin allura. Tana jin na farko ta juyo ta ce, "Ashe irin naki ne ake karantawa duniya na ji." Sannan ta shiga kama wa marubuciyar kurakurai, tana tambayar ina dangin mijin suke aka bar matar ita kaɗai.

Labarin da bai ci gasa ba shi ne na farko a cikin tarin gajerun labaraina. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya: wani malamin jami'a ya duba ƙa'idojin rubutu, na nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, na yi ta ciniki da maɗaba'a saboda tsadar takarda, har na rage yawan kwafen da na yi niyya. Kwafin farko Baba na kai wa, na biyu Malam, wanda ya yi ritaya yana zaune a gida. Sauran na raba tsakanin masu sayar da littattafai a nan Zariya da Kano, wasu kuma ɗalibaina suka saya.

Yanzu dogon labari nake rubutawa a kan matan da ke sayar da abinci da dare a Kwangila, inda manyan motoci ke tsayawa. Hajiya ta karɓi babobin farko ta ce kada in sake taɓa su sai na kai ƙarshen littafin, don ta san halina na komawa baya ina goge-goge. Ranar Asabar zan koma wurin matan, akwai abin da nake so in gani da idona game da yadda suke raba kuɗin gawayi da na ruwa a tsakaninsu idan ciniki bai yi ba.